Layin da Bai Dawo Gida Ba

A Fagge, cikin lungun da ke gangarawa Rijiyar Lemo, akwai wani zaure mai kallon gabas. A shekarun da jirgin ƙasa ke jidar gyaɗa ba hutawa, duk wanda ya bi ta nan da hantsi zai ga wani siririn mutum mai dogon wuya, da tsagar Barebari a kumatu, ya sunkuya a kan wani faffaɗan faranti kamar mai jiran abinci ya huce. Ba abinci ba ne a ciki. Yashi ne. Mutumin sunansa Abdulgani, sana'arsa zanen hula.

Kakansa ne ya taso daga Borno lokacin da yaƙi ya watsa mutanen Kukawa, ya sauka Fagge da jaki da gafaka, gidan ya zama gidan karatu. Wan Abdulgani, wanda kowa ke kira Goni, shi ya gaji buzun malanta. Abdulgani ya yi karatu daidai gwargwado, amma tun yana ƙarami idonsa ya fi zama a kan adon gefen allo fiye da rubutun tsakiyarsa. Mahaifinsu ya yi faɗa har ya gaji, ya ƙyale shi.

Shi ba ya riƙe allura. Nasa shi ne ya fitar da zane, ya sauke shi da tawada a kan farin yadi, dillaliya ta kai wa matan cikin gidaje su bi shi da zare. Masu zane a Kano suna da yawa, amma yawancinsu abin da suka gada suke maimaitawa. Abdulgani kuwa in ya zana abu sau biyu, ransa ɓaci yake yi.

Da sassafe yakan fita abin da yake kira kiwon ido. Hannu a baya, ya ratsa Kantin Kwari, ya bi ta gefen tasha, ya tsallaka Sabon Gari, ba ya sayen komai. Abu ɗaya yake nema ya ɗauko a kansa: inda layin dogo ya rabu biyu, ko yadda 'yan dako suka sarƙa buhunan gyaɗa, ko ƙarfen tagar wani kanti, ko sawun tayar keke a laka. In ya dawo sai ya shafe yashin da tafin hannu har ya kwanta kamar ruwan randa, ya zana abin nan ɗan ƙarami a tsakiya. Daga nan ya ja layi zuwa gefe, ya tambayi zanen: in an kifar da kai fa? Ya zana amsar. Ya ja wani layin: in an jingina ka da ɗan'uwanka baya da baya fa? In an cire maka ƙafa ɗaya fa? Kowace amsa ta haifi nata tambayoyin, reshe ya fitar da reshe, har farantin ya cika kamar gari in shirwa ta dube shi daga sama. Ba ya korar zane da wuri don muninsa, domin ya sha ganin mummuna ya haifi kyakkyawa a reshe na gaba. Yakan jera ɗigo-ɗigo don ya san inda allura za ta shiga. Wanda ya ƙi, tafin hannu ya bi ta kansa, yashi ya manta. Abin da ya fi so ga yashi ke nan, ba ya riƙe mutum da kuskurensa.

Kuma bai iya yin wannan aiki da baki a rufe ba. Hula zagaye ce, saboda haka duk layin da ya tashi daga ɗinkin ƙeya dole ya kewaye kai ya komo daidai inda ya faro. Abdulgani yana ɗaukar layukansa tamkar matafiya. Wanda ya kewayo ya haɗu da mafarinsa, sai ya ce ya dawo gida. Wanda ya kauce, ya wuce ta sama ko ta ƙasa, sai ya ce ya mutu a hanya. Ba maganar masu sana'a ba ce. Tasa ce shi kaɗai, tsakaninsa da farantin.

To, ga mutum a zaure, ga yashi a gabansa, yana jera ɗigo, yana gunaguni, yana shafewa da tafi. Ba wanda ya tashi a ƙasar nan da bai san mai irin wannan zama ba. Haka masu bugun ƙasa suke yi, masu duba wa mutane abin da ke ɓoye. Maganar ta fara daga bakin famfo. Aka ce ai ɗan gidan malamai ne, dole ya san wani abu. Aka ce hular ma rufa ido ce kawai.

Matarsa Zinariya ce ta kawo masa labarin.

"Malam, ka san abin da ake cewa? An ce kana gani."

"Ina gani mana. Makaho ne ni?"

"Ka bar wasa. Jiya wata ta tare ni tana tambaya ko kana duba ɓatan akuya."

"Ki ce mata in akuyar na son hula ta zo a gwada kanta."

Zinariya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka shigo da farantin nan cikin gida."

"Hasken zauren nan ne ke fitar da inuwar layi. Su yi ta faɗa, bakinsu ne zai gaji."

Akwai wata tsohuwa a unguwar, Falmata, mai haɗa turaren wuta, ita ma jinin Borno ce. Kafin a gan ta ake jin zuwanta, don ƙamshin ya kama mayafinta ya zauna. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Sammani. Ya tafi Makka a ƙasa, kamar yadda talakawa ke tafiya a lokacin, ana tafe ana tsayawa ƙwadago a gonakin audugar Sudan. Da farko saƙon baki yana zuwa, daga baya ya ɗauke. Shekaru suka taru. Duk sanda aka ce alhazai sun fara dawowa, Falmata takan yafa mayafinta ta tafi tasha, ta tsaya tana duba fuskoki har taron ya watse. Ta dawo ta ce wa maƙwabta, "Ba wannan ayarin ba ne." Ta koma kan turarenta. Wannan jira shi ne sandar da take dogarawa.

Wata rana da hantsi, cikin daminar 1952, ta kawo wa Zinariya turare. Da za ta fita sai ta iske Abdulgani a kan farantinsa. Ranar yana kokawa da wani layi da ya ɗauko daga igiyar da ya ga an naɗe a kan amalanke. Layin yana da kyau, yana tafe yana lanƙwasa kamar hayaƙi, amma duk yadda ya bi da shi, in ya kewayo sai ya wuce saman mafarinsa da faɗin yatsa. Falmata ta durƙusa a bayansa, can jikin bango. Ta daɗe tana tara ƙarfin hali. Sannan ta ce, da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji, "Malam, Sammanina fa?"

Abdulgani bai ji ba. In ya shiga yashi ko ganga aka buga ba ya ji. Ya sake bin layin da yatsa, ya ga ya sake kaucewa, ya girgiza kai.

"Allah sarki. Ya yi nisa, ya yi ƙoƙari. Amma wannan ba zai dawo gida ba. Ya mutu a hanya."

Ya sa tafin hannu ya shafe.

Da ya ɗago kai, ba kowa a zauren. Sai ƙamshin turare, da farin goro a gefen buzunsa. Ya ɗauka Zinariya ce ta ajiye masa. Ya ɓare ya ci.

Ba a jima ba, wata safiya Zinariya ta shigo da gumbar sadaka a hannu, idanunta sun yi ja.

Ya ce, "Daga ina?"

"Daga gidan Inna Falmata. Sadakar Sammani ce."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya kawo labarin?"

Zinariya ta dube shi ta ce, "Kai."

Da ta gama gaya masa abin da Falmata ke faɗa wa masu zuwa gaisuwa, sai ɗacin goron nan ya dawo masa maƙogwaro. Ko takalmi bai sa daidai ba ya fita. Ya iske tsohuwar zaune a tabarma a tsakar gidanta, mata na shiga suna fita, kaskon turarenta a kife. Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, na zo in gaya miki gaskiya. Wallahi ban san kina bayana ba. Zanen hula nake yi. Layi nake yi wa magana."

"Sannu, Malam. Allah ya saka da alheri."

"Inna, ki saurare ni. Ni ban iya duba ba. Ban san inda Sammani yake ba. Mai yiwuwa yanzu haka yana Makka yana shan Zamzam."

Ta yi murmushi irin na wadda ake lallashi ta kuma gane lallashinta ake yi.

"Tausayina ka ji, na sani. Haka ake yi wa tsofaffi. Amma na tambaya da bakina, ka amsa da naka, ka kuma karɓi gorona. Da ba ka gani ba, da ba ka ce ya yi nisa ba. Yaron nan ya yi nisa."

"Layin ne ya yi nisa, Inna!"

"Ka kira shi duk abin da kuke kiransa a wajenku."

Ya rantse, ya sake rantsewa. Matan suka sunkuyar da kai. Yana fita ya ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa masu gani na gaskiya haka suke, ba sa son a sani. A nan ya gane cewa duk musun da ya yi, ƙara ɗaure maganar yake yi.

Goni ya aika a kira shi bayan La'asar.

"Zauna, Abdulgani."

"Yaya, wallahi ni..."

"Ba sai ka rantse ba. Ni na goya ka. Na san ko mafarkinka ba ka iya fassarawa, balle ka duba wa wani. Na je na gaya wa Falmata cewa duba haramun ne, gaibu kuma Allah kaɗai ya san shi. Ka san abin da ta ce mini? Ta ce, Goni, ai ban ce halal ba ne, cewa na yi ya faɗa."

Abdulgani ya dafe kai.

"Tsohuwa ta binne ɗanta da bakinka, ba gawa ba kabari. Yau da safe aka yi mini sallama, wai ana neman ƙanena mai ƙasa. A gidan da aka sani da Alƙur'ani. Gobe wata za ta durƙusa a bayanka ta tambayi mijinta, ko cikin da ke jikinta. Me layinka zai ce mata?"

"Sai in koma da shi ɗaki."

"Su ce ka shiga halwa, abin ya ƙara ƙarfi."

"Yaya, ban iya tunani ba sai da shi. In ka raba ni da yashin nan, kamar ka ce wa mai tilawa ya yi karatu kada ya ja numfashi."

Goni ba mugun mutum ba ne. Ya ja carbi, idonsa a kan ƙanensa. Ya ce, "Na sani. Da akwai wata hanya da ita na bi. Je ka yi alwala ka zo ka ɗora hannunka a kan Alƙur'ani."

Abdulgani ya rantse ba zai ƙara sa yatsa a yashi ko turɓaya ko wata ƙasa don zane ba muddin yana numfashi. Ya ɗauki farantin ya tafi bakin rafin Jakara. Yashin nan daga kogin Chalawa wani direba ya kawo masa shi, ya wanke shi da kansa, ya tankaɗe shi da rariya har ya yi laushin kwalli. Ya karkata farantin, ruwan ƙazanta ya haɗiye shi ba ko ƙara. Zinariya ta wanke farantin ta jingine shi a bayan randa.

Bai daina kiwon ido ba. Yakan dawo da abu a kansa kamar da, amma sai abin ya zauna masa kamar iri a dunƙulen hannu, ba inda zai shuka shi. In ya yi wa zanen tambaya ɗaya a zuci, kafin ta biyu ta zo ta farko ta gudu. Ya gwada zana kai tsaye a yadi, abin ya ƙi, don tawada ba ta yafiya. A ƙarshe ya koma tsofaffin zanensa. Dillaliya ta juya yadin ta ce, "Malam, matan sun ce wannan tun bara suka haddace shi, ko da ido a rufe sa ɗinka." In yana zaune a zaure sai ya ga yatsarsa tana yawo a kan gwiwarsa ita kaɗai, kamar makaho mai lalube a gidan da aka kwashe kayansa.

A shekarar nan alhazai suka dawo, Falmata ba ta je tasha ba. Ƙamshin turare ya ɗauke daga lungun. Wannan ya fi bushewar zanen ci masa rai.

Yana da aboki a Sabon Gari, Gidiyon, tela, Kirista daga wajen Zariya, wanda ke yanka masa yadin hula. Wata rana Gidiyon ya tsayar da keken ɗinkinsa ya dube shi da kyau.

"Babarbare, me ya same ka? Ka rame kamar allurar hannu."

"Bazazzagi, bar ni da abin da ke damuna."

"Ba zan bari ba. Zauna ka faɗa."

Abdulgani ya zauna ya kwashe labari. Da aka zo wajen akuya da bugun ƙasa, Gidiyon ya yi dariya har ya riƙe ciki. Da aka zo wajen tsohuwar sai dariyar ta ɗauke, ya shiga murza zare a yatsa. Can ya buga ƙafa a daɓen shagonsa.

"Rantsuwar ta haɗa da siminti?"

"Siminti ba ƙasa ba ne?"

"Tambayi wanda ya faɗi a kansa." Ya miƙa masa allin da yake shata yadi da shi. "Ga daɓe, ga alli, ga tsumma da ruwa. A layin nan ba mai tambayarka gaibu. In sun ga kana zane a ƙasa cewa za su yi injiniya ne."

Matarsa Liya ta leƙo daga ciki ta ce, "Baban Julie, na share daɓe da safe ka kawo mini mai ɓata shi?"

"Ki yi haƙuri. Mutanen Borno in ba su sami fuskar da za su zana ba, ƙasa suke nema."

Abdulgani ya yi dariya, rabonsa da ita tun kafin rantsuwar.

Alli ba yashi ba ne. Yana da tauri, yana kuka a kan siminti, layinsa ba shi da inuwa. In an goge da jiƙaƙƙen tsumma sai an jira wurin ya bushe, kuma a cikin jiran nan tunani kan sulale ya tafi. Duk da haka rassa suka fara fitowa, 'yan kaɗan, kamar tohon bishiyar da aka sare. Kullum ya tsallaka Sabon Gari ya durƙusa a gefen keken Gidiyon, keken na tafiya, shi yana gunaguninsa, ba mai kula shi.

Sai watan Mayu na 1953 ya zo. Maganar 'yan siyasa ta sauko titi ta zama sanduna da adduna, kuma tsakanin Fagge da Sabon Gari ne abin ya fi muni. Aka rasa rayuka ta kowane ɓangare. Hukuma ta ja waya mai ƙaya a tsakanin unguwannin. Da hanya ta buɗe, Abdulgani ya tafi da zuciyarsa a hannu, ya iske shagon da kwaɗo. Wani maƙwabci ya ce masa Gidiyon da iyalinsa lafiyarsu ƙalau, amma sun ɗaure keken sun koma Zariya, ba su ce za su dawo ba. Abdulgani ya sa ido a tsagar ƙofa. Zanensa na ƙarshe yana nan a daɓe, rabinsa, rassan sun miƙa hannu zuwa inda keken yake a da.

Ya koma zaurensa ya zauna. Furfura ta fito masa a wannan daminar kamar an watsa masa ita.

Wata rana da yamma, an ɗauke ruwa rana ta leƙo, Zinariya ta jawo farantin daga bayan randa. Ta tankaɗe garin dawa a kansa, ta girgiza shi har garin ya kwanta, ta kira mijinta tsakar gida ta ajiye a gabansa.

"Mene ne wannan?"

"Tuwon dare."

"To me zan yi da shi?"

"Ka tsare mini, kaji sun dame ni. Zan ɗora ruwa."

Ya dubi garin. Hasken yamma ya kwanta a kansa ta gefe, irin hasken da ke fitar da inuwa.

"Zinariya, na yi rantsuwa."

"A kan me?"

"Yashi, turɓaya, ƙasa."

"Ka taɓa ganin na tuƙa maka ƙasa? Wanke hannunka dai, abincin mutane ne."

Ta shige madafa. Ya wanke hannu don kawai ta ce ya wanke. Ya zauna yana korar kaji. Bai san lokacin da yatsarsa ta sauka ba.

Abin da ya fara fitowa shi ne layin nan na igiyar amalanke, kamar dama a bakin yatsar yake kwana. Ya tafi yana lanƙwasa, ya kewayo, ya wuce saman mafarinsa da faɗin yatsa. Tafin hannun Abdulgani ya ɗaga zai shafe. Amma ya saba sai ya yanke wa layi hukunci da baki kafin ya shafe shi, yanzu kuwa ya ciji leɓensa, ya yi alkawari a ransa ba zai ƙara furta kalmar nan ba. Da bakin ya ƙi, hannun ya tsaya. Sai ya bar layin ya ci gaba. Ya sake kewayowa, ya sake wuce kansa ta sama. Ya sake. Kowane zagaye yana hawa yana ƙanƙancewa, har ya je ya tsaya a tsakiyar kan hula, inda duk ɗinki ke haɗuwa.

Abdulgani ya janye kansa baya don kada hawaye ya ɗiga a garin. Ashe ko a kan layin ma bai faɗi daidai ba.

Washegari ya je ya gaya wa Goni abin da ya yi. Goni ya ce, "Ban rantsar da kai a kan dawa ba. Amma ka rufe ƙofarka, ka rufe bakinka."

Ya sauke zanen a yadi, bai ba dillaliya ba. Zinariya ce ta ɗinka da koren zare. Da aka gama ya naɗe hular a ƙyalle ya tafi gidan Falmata. Ta ƙara tsufa, ta ƙanƙance, ba ƙamshin komai a jikinta sai na hayaƙin murhu.

"Inna, ga layin da nake yi wa magana ranar nan. Ki bi shi da yatsa."

Ta karɓa ba da son ranta ba. Ta sa yatsa a ɗinkin ƙeya ta bi zaren a hankali, tana juya hular, har ta kai tsakiya.

"Bai komo inda ya tashi ba."

"Bai komo ba. Amma bai mutu ba, ni ne na yi gaggawar shafe shi. Layin da na ja da hannuna ma ban san ƙarshensa ba, Inna, balle ɗan mutum."

"Me kake so in yi da ita?"

"Ki ajiye wa Sammani."

Ta ɗago ta dube shi, wannan karon ba murmushi.

"Ka kashe mini shi, na yi kukana, na yi sadaka, na fara barci. Yanzu kuma ka zo ka tashe shi, in koma tsayuwar tasha da waɗannan ƙafafun? Gaya mini, Malam, wanne ne gaskiya?"

"Ban sani ba, Inna. Iyakar gaskiyar da nake da ita ke nan."

Ba ta yi godiya ba. Ba ta kuma mayar masa da hular ba. Ta ɗaga gefen tabarma ta tura ta ƙarƙashi, ta juya fuskarta ga bango.

Abdulgani ya ci gaba da sana'arsa a kan garin tuwo, a tsakar gida, ƙofa a rufe, baki a rufe. Zanensa bai koma yawan da ba. Gari yana manne wa yatsa, kuma dole a gama tunani kafin ruwa ya tafasa. Zauren ya zama wurin ajiye itace. Zanen hular nan kuwa bai sake sauke shi a yadi ba, ba wani kai a Kano da ya taɓa sa irinta.

Da alhazai suka fara dawowa a shekarar da ta biyo, Zinariya ta shigo daga unguwa ta tsaya a kansa.

"Malam, na ga Inna Falmata a hanyar tasha. Tana tafiya tana hutawa. Da wani ɗan ƙunshin ƙyalle a hammatarta."

Yatsarsa ta tsaya a tsakiyar wani reshe. Ya buɗe baki, bai san ko hamdala zai yi ko istigfari ba, ya mayar ya rufe. A madafa murfin tukunya ya fara rawa. Zinariya ta ɗan jira shi, sannan ta sunkuya ta ɗauke farantin.